Ku Tambayi Kawu: Yawon Ruwa A Kogin Vecht Da Tafkunan Loosdrecht Na Ƙasar Holan

Assalamu alaikum masu karatu. Zafi ya fara shigowa nan Turai, kuma da alama shi ya sa saƙonninku na wannan watan kusan duk suka karkata kan ruwa da fita shan iska, toh sai na ware waɗanda suka shafi yankin da na fi sani, wato tsakanin Amsterdam da Utrecht inda kogin Vecht yake, na haɗa su wuri ɗaya. Kamar kullum na cire sunaye.

TAMBAYA: Kawu barka da aiki. Maigidana zai je taron aiki a Utrecht watan Yuli na kwana biyar kuma ya ce zai tafi da ni da yaranmu biyu, ɗaya shekara 9 ɗaya 6, biza ma ta fito alhamdulillahi. Duk wanda na tambaya sai ya ce min Amsterdam Amsterdam, ni kuma gaskiya bana son hayaniya da cinkoso, so nake inga ruwa da koren wuri yara su sake, kuma kar ya cinye mana kuɗi. Ina zamu je dan Allah? Daga wata 'yar uwa a Kano.

AMSA: Hajiya Allah ya kawo ku lafiya. Ai kin faɗo gidan sauƙi, dan abin da kike nema a bakin ƙofar Utrecht yake. Kogin Vecht daga cikin garin yake tashi ya yi arewa, wajen kilomita 40, yana lanƙwasa yana ratsa ƙananan garuruwa, Maarssen, Breukelen, Loenen, Vreeland, Weesp, har ya je Muiden ya zube cikin babban ruwa. Ba wani ƙaton kogi bane kamar Kwara ko Binuwai, a wurare da yawa in kin ɗaga murya na tsallake zai ji ki, kuma ruwan a kwance yake kamar baya tafiya. Ki hau ƙaramin jirgin ƙasa da suke kira Sprinter daga babbar tashar Utrecht ki sauka Maarssen ko Breukelen, 'yan mintoci ne, baki ma buƙatar yankar tikiti, katin banki mai taɓawa za ki ɗora a na'ura lokacin shiga ki sake ɗorawa lokacin fita, amma fa kowa da nasa katin ko tikitin, kati ɗaya baya ɗaukar mutum biyu, yara ki yankar musu tikitin yara na yini a injin tasha, arha ne sosai.

Abin da zaki fara lura da shi a bakin kogin shi ne gidaje, manya manyan tsofaffin gidaje masu lambu da ƙofofin ƙarfe masu ado, ga wasu ƙananan ɗakuna zagayayyu da aka gina daf da ruwa, nan masu gidan suke zama shan shayi suna kallon jirage. Attajiran Amsterdam ne suka gina su a ƙarni na 17 da na 18, dan lokacin zafi magudanan birnin wari suke yi, sai mai hali ya kwashe iyalinsa ya taho nan a jirgin ruwan da doki ke ja daga gaɓa. Kyau kam akwai shi ba ƙarya, amma ni duk sanda na bi ta wurin sai zuciyata ta ɗan yi nauyi, saboda wani ɓangare na dukiyar zamanin daga fataucin ƙasashen waje ya fito har da cinikin bayi. Holan ta riƙe gidan kaso na Elmina a gaɓar Ghana tun 1637 har 1872. Akwai gida a Maarssen mai suna Goudestein na iyalin Huydecoper, waɗanda suka yi magajin garin Amsterdam, kuma ɗaya daga cikin wannan zuri'a ya yi gwamna a Elmina a ƙarni na 18 har ya bar jikoki a can masu ɗauke da sunan. A Disambar 2022 firaministan Holan na lokacin Mark Rutte ya nemi gafara kan bautar, Sarki Willem-Alexander shi ma ya nema ranar 1 ga Yulin 2023. Ki gaya wa babban yaron naki wannan yana kallon gidajen, shekara 9 ya isa ya riƙe.

Breukelen kuma, kinga unguwar Brooklyn ta birnin New York a Amurka? Daga wannan ɗan ƙaramin garin ta samo suna, mutanen Holan da suka je can ne suka raɗa mata.

Amma in dan yara ne, ki ware yini guda ki kai su Muiden. Akwai tsohuwar fada a bakin kogin mai suna Muiderslot, mai hasumiya huɗu zagayayyu da gwalalo cike da ruwa da gada, irin wadda suke gani a katun sak. Wani basarake Floris na Biyar ne ya fara gina ta wajajen 1280, kuma a 1296 manyan fadawansa suka yi masa tawaye suka kama shi suka tsare shi a cikin gidan nasa, da jama'a suka taso ceton sa sai suka fita da shi suka kashe shi a kusa da nan. Yara suna hawa hasumiya suna ganin sulke da takubba, matakalar dai ƙunci gare ta kuma a miƙe take, ki riƙe hannun ƙaramin. Daga nan Muiden ɗin ana hawa jirgi zuwa tsibirin Pampus, wani sansanin soja da aka gina tsakiyar ruwa a ƙarshen ƙarni na 19 dan tsare Amsterdam. Dabarar tsaron mutanen Holan ma da ruwa ce, in maƙiyi ya taho sai su buɗe ƙofofin ruwa su malale gonaki daidai gwiwa, ƙafa da doki basa iya ratsawa, jirgi kuma baya samun zurfin tafiya. Hukumar UNESCO ta sa wannan layin tsaro cikin kayan tarihin duniya tun 1996.

Ki taho da rigunan sanyi marasa nauyi da lema, kar sunan bazara ya ruɗe ki, Yulin nan yawanci digiri 22 ko 23 ne da rana kuma ruwan sama baya sallama. Ki sauke manhajar Buienradar tana nuna miki hadari minti minti, da 9292 ta motocin haya da jirage.

TAMBAYA: Kawu ni ɗalibi ne a Utrecht, mu shida ne 'yan Najeriya da Nijar, mun gama jarabawa muna so mu yi hayar jirgin ruwa a Loosdrecht mu tuƙa da kanmu kamar yadda muke ganin turawa na yi. Wai sai da lasisi? Kuma wani abokinmu ya ce wai tafkunan mutane ne suka haƙa su, ni dai ban yarda ba.

AMSA: Ɗana abokinka ya fi ka gaskiya, ka je ka ba shi haƙuri. Da can wurin nan fadama ce mai wata irin baƙar ƙasa, ruɓaɓɓun ciyayi ne da suka danne juna shekaru dubbai a cikin ruwa, in an yanko ta an shanya ta bushe ci take da wuta kamar yadda ake hura busasshen kashin shanu a ƙauye, su suna ce mata turf. Ƙasar ba ta da itace mai yawa, ga sanyi, ga gidajen burodi da masu gasa bulo a Amsterdam da Utrecht duk wuta suke nema, toh sai aka yi ta haƙa ɗaruruwan shekaru. Yadda suke yi, su haƙi dogon rami su bar siririn tudu a gefe dan shanya, su sake haƙa wani su bar wani tudun. Kwaɗayi yasa aka riƙa rage faɗin tudun, iska da igiyar ruwa suka zo suka cinye su, ramuka suka haɗe suka zama tafki. Shi ya sa in ka duba taswira a wayarka zaka ga wasu sassan kamar haƙoran matsefi, tsibirai dogaye sirara a jere, ragowar wuraren shanyar kenan, yanzu mutane sun gina ƙananan gidajen hutu a kai. Manyan tafkunan Loosdrecht biyar ne kuma da lamba ake kiran su, na ɗaya har na biyar, zurfin su bai cika wuce mita biyu ba. Na Vinkeveen da ke yamma da kogin su kuma an ƙara haƙar yashi a ciki, sun yi zurfi sosai ruwan ya yi garau, har masu nutso da tulun iska a baya suke zuwa.

Maganar lasisi, dokar Holan ita ce in jirgi bai kai mita 15 ba kuma baya iya gudun da ya wuce kilomita 20 a awa, ba ka buƙatar lasisi. Irin wanda kuke gani buɗaɗɗe mai kujeru zagaye sunansa sloep, da yawa na lantarki ne basa ƙara, mutum shida zai ɗauke ku ba matsi, in kun raba kuɗin baya da zafi. Ku yi bukin, wato ku kama jirgin, tun da wuri in ranar Asabar ce mai rana, ku tafi da katin shaida, kuma za su riƙe kuɗin ajiya su mayar muku in kun dawo da shi lafiya.

Tuƙin ba wuya amma jirgi bashi da birki, wannan shi ne abin da sabon shiga yake mantawa, in kana so ka tsaya sai ka rage wuta tun daga nesa ka sa ribas a hankali. Ka riƙe hannun dama. Ƙaramin jirgi shi ke kauce wa babba, mai inji kuma shi ke kauce wa mai tafiya da iska da mai tuƙin hannu, kuma a Loosdrecht masu tafiya da iskar nan yawa gare su, har da yara ƙanana masu koyo. In kuna so ku fita daga tafkin ku shiga kogin Vecht sai kun bi ta Mijndense Sluis, wata ƙofar ruwa ce, ku shiga a rufe bayanku a daidaita tsayin ruwan sannan a buɗe gaba, ana biyan ɗan kuɗi, kuma kar ku ɗaure igiya tamau a ciki, riƙe ta ake a hannu ana sassautawa. Ku tambayi mai hayar ko ya yarda a fita da jirginsa can, ba duka ke yarda ba.

Sai abu na ƙarshe wanda shi ne na farko a wurina, cikin ku shidan su waye suka iya iyo? Ba iyon kududdufi na yarinta ba. Duk wanda bai iya ba ya nemi rigar kariya a wurin mai hayar ya sa ta ya ɗaure tun kafin ya taka jirgin, ko da turawa na kallo, ba abin kunya bane. Mita biyu ya fi tsayin kowannenku, kuma ƙasan taɓo ne mai laushi ba inda ƙafa za ta dafa.

TAMBAYA: Mallam sannu da ƙoƙari. Ni 'yar zongo ce daga Kumasi, ina zaune Bijlmer a Amsterdam da yara uku. Maƙwabciyata baturiya tana ta cewa in bar yarana su bi nata zuwa tafkin Vinkeveen wanka, ni kuwa wallahi tsoron ruwa nake, tun ina ƙarama aka hana mu zuwa bakin kogi, kuma kullum muna jin labarin kwale-kwale ya kife a gida. Yaran suna fushi da ni. Na yi laifi?

AMSA: Maman yara baki yi laifi ba, tsoron uwa ne kuma yana da tushe. In yaran basu iya iyo ba kar ki bari su bi kowa, ko da maƙwabciyar mutuniyar kirki ce, dan ita a tunaninta duk yaro ya iya, haka suka taso. Amma ina roƙon ki kar ki tsaya a hanawa kawai, dan hanin nan baya aiki a ƙasar nan. A gida kogi yana bayan gari, in an ce kar ka je sai ka ƙi zuwa shikenan. Nan kuwa kusan kashi ɗaya cikin huɗu na ƙasar yana ƙasa da tsayin teku, ruwa na bayan makaranta, yana gefen hanyar keke, yana ƙarƙashin benen da kike ciki a Bijlmer ɗin ma, ba inda zaki ɓoye yaro daga gare shi. Hukumar ƙididdiga ta ƙasar ta sha nuna cewa 'ya'yan baƙi sun fi 'ya'yan 'yan ƙasa mutuwa a ruwa, kuma dalilin a fili yake, nasu sun koya namu an hana su. Wannan abu yana ci min rai ƙwarai, na taɓa zuwa ta'aziyyar wani matashi ɗan Afirka da ya bi abokai wanka ranar zafi bai dawo ba, har yau fuskar mahaifiyarsa bata bar idona ba.

Yaran Holan suna da takardar shaidar iyo mataki uku, A da B da C, yawanci tun suna shekara biyar ko shida suke farawa. Abin da ya burge ni da tsarin, ba tsere ake koya musu ba, tsira ake koya musu, yaro zai faɗa ruwa da kayansa da takalminsa ya juya ya kwanta rigingine ya yi iyo ya fito da kansa, har nutso ta cikin rami a wani labule da ake sakawa ƙarƙashin ruwa. Ki je wurin iyo na unguwarku ki rubuta sunan su ukun gobe gobe, dan akwai layin jira. In kuɗi ne matsala akwai asusun Jeugdfonds Sport en Cultuur da ke biya wa yaran iyalai masu ƙaramin ƙarfi, malamin makarantar yaran ko ma'aikacin jin daɗin jama'a na unguwa shi ke cike miki takardar. Ke ma kanki ki shiga, wuraren iyo da dama a Amsterdam da Utrecht suna da awannin mata zalla, kuma ana sayar da kayan iyo masu rufe jiki har kai.

In sun samu takardar, toh ku tafi tare, ke ma ki ga wurin da idonki. Jirgin ƙasa daga tashar Bijlmer ArenA zuwa Abcoude 'yan mintoci ne, Vinkeveen na kusa da nan. Ku shiga ruwa a inda hukuma ta sa allo ta ce na wanka ne kaɗai, daga Mayu zuwa ƙarshen Satumba ana gwada ruwan waɗannan wuraren ana sa sakamakon a shafin zwemwater.nl. In kinga kalmar blauwalg a allo, ko ruwan ya yi kore shar kamar an zuba fenti, kar kowa ya shiga, wani gansakuka ne mai dafi da ke tasowa in zafi ya daɗe, yana sa ƙaiƙayi da gudawa. Sannan akwai wani ƙaton magudanin ruwa miƙaƙƙe da ke tafiya gefe da gefe da kogin Vecht, Amsterdam-Rijnkanaal, na manyan jiragen dakon kaya ne, an haramta wanka a ciki kuma jiragen na janyo mutum ƙarƙashi, ki ja musu kunne sosai a kansa. Lambar gaggawa 112, su haddace ta.

TAMBAYA: Kawu ya ake yi da sallah da abinci in mutum ya fita irin wannan yawon yini guda?

AMSA: Ka yi guzurinka daga gida shi ya fi kwanciyar hankali da aljihu. A Utrecht, bayan babbar tasha akwai unguwar Lombok, titin Kanaalstraat cike yake da shagunan Turkawa da 'yan Maroko masu naman halal da burodi da 'ya'yan itace, ga babban masallacin Ulu mai hasumiya biyu a bakin titin. A ƙauyukan bakin kogi kuwa da wuya ka samu halal, toh ka riƙe kalmomi uku, varken shi ne alade, spek da ham duk namansa ne, kuma suna yawan sa spek a cikin fankek ɗin su mai faɗi, sai ka ce a yi maka da cuku ko tuffa. Soyayyen kifi da suke kira kibbeling da dankali ba laifi. Ruwan famfo ana sha.

Lokutan sallah ne za su ba ka mamaki, a ƙarshen Yuni rana bata faɗuwa sai wajen ƙarfe 10 na dare, azahar kusan biyu saura kwata, la'asar wajen shida, kaga kana da yini mai tsawo kenan. Alƙibla kudu maso gabas. Ka sa 'yar dadduma da gorar alwala a jaka, ka samu gefen ciyawa inda ba gonar wani ba kuma ba kan hanyar keke ba, ni dai shekaru ina yi ba wanda ya taɓa ce min kanzil. In ka zauna cikin doguwar ciyawa ka duba jikinka da dare, akwai kaska ƙanana masu sa cuta.

TAMBAYA: Da keke fa? An ce hanyoyin suna da lambobi.

AMSA: Haka ne, kowace mahaɗa tana da lamba a kan allo fari da kore, ka rubuta lambobin da zaka bi a takarda ka yi ta bin kibiya, baka ɓata. Ƙasar a shimfiɗe take ba hawa, iska ce kaɗai abokiyar faɗa. Daga Maarssen zuwa Loenen ta gefen kogi shi ne yanki mafi kyau a ganina. Baƙo ya yi haya a shagon keke, dan masu launin shuɗi da rawaya na tasha sai mai katin sufuri na kansa. Kuma kar a tsaya ɗaukar hoto a tsakiyar jan titi, na masu keke ne kuma da gudu suke zuwa.

TAMBAYA: Kawu ni bafatake ne daga Diffa nakan zo Holan sayen motoci, ɗan masunta ne ni, in na ga ruwan nan hannuna har ƙaiƙayi yake. Zan iya jefa fatsa?

AMSA: Alhaji sai da takarda, sunanta VISpas, ana samu a shagon kayan kamun kifi ko a intanet, kuma wasu tafkunan suna da ƙarin izini nasu, ka tambaya a shagon. Taru da koma kam ka manta da su, kuma yawancin masu fatsa a nan in sun kama mayarwa suke, wasu kifayen ma doka ta hana a tafi da su, in an kama ka tara ce mai zafi.

Amma tunda kai mutumin ruwa ne ga inda nake so ka je, tafkin Naardermeer kusa da garin Naarden mai ganuwa kamar tauraro. A 1904 hukumar birnin Amsterdam ta so ta mayar da shi juji ta riƙa zuba shara, wani malamin makaranta Jac. P. Thijsse da abokansa suka tashi tsaye, aka kafa ƙungiyar kare muhalli ta Natuurmonumenten a 1905 ta saye tafkin a 1906, shi ne wuri na farko da ta fara karewa. Ba a shiga da jirgin kai, nasu ake hawa da ɗan jagora kuma sai an kama wuri tun kafin a je, ko ka zagaya da ƙafa ta hanyar da suka ware. Zaka ga bado ya rufe ruwa da dogayen ciyayi irin na bakin Komadugu, kuma in ka dace zaka ga wani zalɓe mai jan wuya siriri da suke kira purperreiger. A nan yake ƙyanƙyasa lokacin zafi, in kaka ta yi ya tashi ya ƙetare Bahar Rum da Sahara ya sauka a fadamun Afirka ta Yamma ya yi hunturu a wajenmu, sannan ya dawo wajen Afrilu. Ka je tsakanin Mayu da Yuli da sassafe, ka ari madubin hangen nesa, in ka gan shi ka rubuto min ko ka san shi a gida da kuma sunan da masuntan Diffa suke kiran sa.